Farar Awara a Bakin Ƙofa

Abu biyu ne ba a jayayya da Yakaka a kansu a unguwarsu ta cikin garin Haɗeja: awara da fim ɗin Koriya. Awara sana'arta ce tun tana amarya, har ta kai ko tururin tukunya ta shaƙa ta san in ruwan tsami ya yi yawa. Fim kuwa, tun ranar da mijinta Abdulmannan, direban babbar mota mai kai shinkafa kudu, ya sayo mata waya mai faɗin fuska, shi ke nan aka rasa ta. Sai ta jingina wayar a jikin turmi, hannu yana tatar wake, ido yana Koriya. Ba ta jin yarensu ko kalma ɗaya, amma ta kalle su har ta san gaisuwarsu, ta san zaman makokinsu, ta san yadda yaro yake kau da fuska in zai sha wani abu a gaban babba. In ta nuna maka wani mai murmushi tun farkon fim ta ce shi ne mugun, ka rubuta ka ajiye.

To, a bana wani fim ya shigo gari ya hana mutane sakat. Tasi'u ne ya fassara shi, ƙanin mijin Yakaka. Yana da shago kusa da kasuwa inda ake tura wa mutane fina-finai a waya, kuma shi yake ɗora muryar Hausa a kan na ƙasashen waje. Shi ne jarumi, shi ne mugu, shi ne tsohuwa, in ta kama har kukan jariri yi yake.

Labarin wasu marayu ne biyu, wa da ƙane, a wani gari na bakin teku. Wan ya zama ɗan sandan ciki, Tasi'u ya raɗa masa suna Sufeto Dogo. Ƙanen ya faɗa cikin 'yan fasa-ƙwauri na tashar jiragen ruwa, shi kuma ya zama Auta. Auta ya kashe mutum, aka laƙa wa wani direba bawan Allah, aka rufe shi. Aka yi ta faɗa, a kasuwar kifi, a kan gada, a cikin lif, har Dogo ya gano cewa wanda yake farauta ƙaninsa ne. Ya same shi a cikin wani ƙaramin jirgi, suka zauna suka ci taliya kwano ɗaya, ya tuɓe rigarsa ta sanyi ya yafa masa. Allo ya yi baƙi. Da haske ya dawo sai ga Dogo da furfura, babu kayan aiki, yana tsaye a gindin wata doguwar katanga da baƙar leda a hannu. Ya kwance ledar: farar awara ce, ɗanya, guda ɗaya. Wata ƙofar ƙarfe ta fara buɗewa. Fim ya ƙare.

A nan ne Tasi'u ya zuba basirarsa. Mutanenmu ba sa son fim ya bar su a rataye, dole mai fassara ya ɗaure musu bakin zaren. Ya sa murya mai rawa ya ce: "Allah sarki, ɗan'uwa rabin jiki! Dogo ya bar ƙaninsa ya tsere, an kore shi daga aiki, ga shi nan ya koma tallan awara, ko man suya ba shi da shi." Haɗeja ta yi kuka, ta yi dariya, har sunan fim ɗin ya ɓata, kowa sai ya ce a tura masa fim ɗin mai awara.

Ran nan da la'asar Tasi'u ya biyo ta gidan. Yakaka tana zaure gaban kasko, mai yana ƙara, yara sun yi layi da kwanukansu.

"Matar Yaya, a sa min ta kusa da wuta. Kin ga aikin kuwa? An ce har a Malam Madori maza sun yi hawaye."

"Na gani," ta ce, tana juya awara da matsami. "Na ga ka yi wa bawan Allah ƙazafi."

"Ni? Ƙazafin me?"

"Tasi'u, don girman Allah, tun da uwarka ta haife ka, ka taɓa ganin wanda ya fita talla da awara ɗaya? Guda ɗaya tal, a leda, a gindin katangar da ko kare ba ya wucewa? Wa zai saya, aljanu?"

Yara suka fashe da dariya. Tasi'u ya sosa ƙeya ya ce ai jarinsa ne ya karye.

"Jarin ka ne dai ya karye. Mutanen nan al'adarsu ce, in mutum ya fito daga gidan yari farar awara ake tarbarsa da ita, ya ci a bakin ƙofa, wai ya fara sabuwar rayuwa fara fat. Na gani a fina-finansu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Dogo bai bar kowa ya tsere ba. Miƙa shi ya yi, sannan ya zo ya jira shi."

Tasi'u ya riƙe ciki. "A tarbi wanda ya fito daga kurkuku da ɗanyar awara, ba mai, ba gishiri, ba yaji? Ai gara a mayar da shi ciki! Kuma ki ji, matar Yaya, wa zai sayi fim ɗin da wa ya miƙa ƙaninsa? A garin nan? Ki bar ni in ci abinci."

"Ka ci abincinka. Amma gaskiya tana wurina."

Ta faɗi haka ne da ƙarfin gwiwar wanda bai san abin da ke tafe ba. Yanke hukunci a kan mutanen Koriya ba wuya, tunda ba ka haɗa uwa da ko ɗayansu ba.

Ba a jima ba sai ga Kolo. Da hantsi ɗan acaba ya sauke shi, ya shigo ba sallamar kirki, ya wuce tsakar gida ya durƙusa gefen tukunya. Kolo ƙaninta ne uwa ɗaya uba ɗaya, masunci a ƙauyensu can bayan Baturiya. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, Yakaka ce ta goya shi har bayanta ya yi kanta, ita ta tauna masa abinci, ita ta yi faɗa da duk yaron da ya taɓa shi. Yanzu ga shi ƙato, gemu ya fito, amma da ta ga yadda yake murza yatsu ta san ya yi ɓarna.

"Faɗa min," ta ce. "Kada ka yi min kwana-kwana."

Ya faɗa. A ƙauyensu akwai tafkin da Sarkin Ruwa yake rufewa in ruwa ya fara janyewa, ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar da aka buɗe kowa ya shiga su, a kama kifi tare. Kolo ya ga kifi yana ta tsalle, son banza ya kama shi. Da sanyin asuba ya kwance jirgin maƙwabcinsu Safiyanu ba tare da ya tambaya ba, ya shiga tsakiya ya tuttula kwalbar maganin feshin shinkafa, wai ya kwashi abin da zai kwasa ya kai wa masu banda. Ya zaci 'yan kaɗan ne za su taso. Kafin rana ta ɗaga tafki ya yi fari da cikin kifi, manya da ƙanana har da 'ya'yan da ba su kai yatsa ba. Shanun makiyaya suka sha, wasu suka faɗi. Yara biyu da suka gasa kifin aka kwaso su zuwa asibiti. Shi kuwa tsoro ya sa ya bar kwalbar a cikin jirgi ya gudu. Safiyanu manomin shinkafa ne, kowa ya san yana feshi, ga jirginsa, ga kwalba. Aka kama shi aka kawo shi Haɗeja aka rufe.

Yakaka ta ɗaga hannu za ta kwaɗa masa mari, hannun ya tsaya a sama. Ta zage shi tas, da Hausa da Barbarci, sannan ta buɗe ɗakin da take ajiye buhunan waken suya ta ce ya shiga. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kai masa ruwa da abinci. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, haka ta gaya wa zuciyarta, zuciyar kuma ta yi kamar ta yarda. Abdulmannan yana kan hanya, ba wanda ya san akwai mutum a ɗakin.

Zaman ɗaki ya ishi Kolo, ta ba shi wayarta ya rage kewa. Cikin duk abin da ke wayar, sai ya liƙe wa fim ɗin mai awara. Ya kalla, ya maimaita, ya sake maimaitawa. Daga tsakar gida tana jin muryar Tasi'u tana rawa: Allah sarki, ɗan'uwa rabin jiki.

"Yaya, kin ga wannan?" Kolo ya ce wata rana da ta kai masa tuwo, idonsa ya yi ja. "Ko a Koriya, da ba su san Allah kamar mu ba, wa ba ya miƙa ƙaninsa. Mutumin nan ya rasa aikinsa, ya rasa komai, amma bai ba da shi ba. Ke ce Dogo ɗina, Yaya."

Yakaka, wadda take musu da rediyo, wadda ta taɓa tsayar da mai adaidaita a tsakiyar titi don ta gyara masa labarin fim, ta bar fassarar Tasi'u yadda take. Ta ce ya ci tuwonsa kafin ya huce, ta ja ƙofa. Ranar awararta ta ƙi kamawa, ta yi ruwa-ruwa, abin da rabonta da shi tun tana koyo.

Da Tasi'u ya leƙo da yamma yana tsokana, ko yau ma za a yi musun Dogo, cewa ta yi kanta yana ciwo. Ya dube ta da mamaki ya ce lallai ciwon babba ne.

Sai ranar kasuwa Saude ta yi sallama. Matar Safiyanu ce, tare suka yi wasan ƙasa da Yakaka, tare suka yi tallan kifi suna yara. Duk mutumin ƙauyensu da wata lalura ta kawo shi Haɗeja a gidan Yakaka yake sauka, to ina Saude za ta je in ba nan ba? Ta shigo da goyo a baya da kular abinci a hannu, ta rame har wuyanta ya fito. Ta zauna a kan tabarma, bayanta yana jingine da ƙofar ɗakin wake.

"Ki ɗan ɗumama min miyar nan in kai masa," ta ce. "Ba ya iya cin na can."

Yakaka ta ɗora miya a wuta, tana tambayar mutanen gida ba tare da ta kalle ta ba. Saude ta ce yaran da aka kai asibiti sun tashi, alhamdu lillahi. Amma a gari ba mai amsa gaisuwarta. In ta je rijiya mata sai su janye gugansu. Shinkafar Safiyanu ta nuna a fadama, ba wanda ya yarda ya taya ta yanka, tsuntsayen jan-baki sun sauka a kai kamar an gayyace su. Ita kaɗai take tsayawa da gwangwani tana kaɗawa, ta kori na gabas na yamma su sauka.

"Mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa, Yakaka. Kin san shi. Ya rantse da Alƙur'ani, sun ce kowa ma rantsuwa yake."

"Na san shi," Yakaka ta ce.

Saude ta gyara goyonta, ta ɗaga tafin hannuwanta biyu sama, hawaye yana bin kumatunta. "Ya Allah, Kai ne Kake gani cikin ruwa da cikin duhu. Wanda ya aikata wannan ya bar mijina a ɗaure, Allah Ka tona asirinsa. Wanda ya sani ya ɓoye, Allah Ka hana shi barci sai ya faɗa."

Ta bar hannuwanta a sama, tana jira. Ba a yin addu'a a gabanka ka ƙi cewa amin, ko maƙiyinka ne yake yi, balle ƙawarka a cikin gidanka. Yakaka tana tsaye da ludayi a hannu. Ta ji motsin buhu a bayan ƙofar da Saude ta jingina. Ta san abin da amin ɗin nan za ta ci, kuma ita ba ta iya faɗar amin ta fatar baki ba.

"Amin," ta ce da ƙarfi, ta shafa fuskarta. "Amin, ya Rabbi."

Ta zuba miyar a kula, ta ƙara da awara cike da leda, ta raka Saude har bakin titi ta sa ta a adaidaita.

Washegari bayan gari ya waye ta gama dafa wake, ta zuba ruwan tsami, ta kwashe a ƙyalle ta ɗaure ta ɗora dutse. Yau kam ta kama. Ta buɗe ɗakin wake.

"Fito ka sha iska. Kawo wayar."

Kolo ya fito yana ƙifta ido. Ta zaunar da shi a kan turmi, ta matso da fim ɗin zuwa wurin jirgi, ta rage muryar har Tasi'u ya yi tsit.

"Yau ba Tasi'u. Idonka zai gaya maka. Kalli hannun Dogo lokacin da yake miƙa wa ƙaninsa kwano. Me ya ɗauka a kan allon jirgin?"

Kolo ya ƙura ido. "Makulli."

"Makullin injin. Ina ya sa?"

"A aljihunsa."

"Kai masunci ne. Wanda kake so ya tsere ta ruwa, za ka zare masa makullin jirgi?"

Ta matsa da fim ɗin gaba kaɗan.

"To ga rigar. Kowa a garin nan ya ce rigar bankwana ce, wai ya tafi da ita ƙasar waje. Ƙarya ne. In gudu ne, kuɗi ake ba mutum, ba riga ba. Ya san inda zai kai shi akwai sanyi, shi ya sa. Kuma ka lura da ɗiyar direban nan da aka rufe? Me ya sa mai fim yake ta dawo da mu kanta tana zaune a tashar mota da kwanon abinci a cinya? Ita ba ta faɗa, ba ta harbi, ba ta ma magana. Yana dawo da ita ne don kada mu manta. Mu muna can mun shagala da Dogo da ƙaninsa, muna cewa Allah sarki 'yan'uwa, alhali ita ma ɗiyar wani ce. Duk faɗan nan da aka yi a kasuwar kifi da kan gada ado ne kawai. Fim ɗin tambaya ɗaya yake yi: naka da ya yi laifi, da na wani da bai yi ba, wa zai kwana a ɗaure?"

Ta matsa gaba zuwa katangar. Ta nuna masa wayar ƙarfe mai ƙaya da ke samanta, ta nuna masa ledar, ta gaya masa abin da farar awara take nufi a wurin mutanen nan.

"Ya miƙa shi, Kolo. Da hannunsa. Sannan ya ajiye aikin, don ba zai iya ci gaba da cin albashi a kan wuyan ƙaninsa ba. Ya yi furfura yana jira. Ranar fitowa ya zo tun kafin a buɗe ƙofa. Ka ce ni ce Dogo ɗinka. To na karɓa."

Kolo ya miƙe tsaye, turmi ya faɗi. "Yaya, ke kika goya ni!"

"Ni na goya ka. Shi ya sa ba zan bari a zo a ja ka a ƙasa kamar akuya ba. Da ƙafarka za ka je, ina gefenka."

"Saboda fim? Za ki ba da ni saboda fim ɗin arna?"

"Saboda Safiyanu. Jiya kana jin matarsa, bayanta yana jikin ƙofarka. Fim ɗin dai kai ka ɗauko shi ka kafa min hujja da shi, ni kuwa ba a kafa min hujja da ƙarya."

"In na ƙi fa?"

"In ka ƙi, ga ƙofa nan, ba zan riƙe ka ba. Amma kafin azahar ina can ina faɗar abin da na sani. Sai ka zaɓa: su ji daga bakinka, ko su ji daga nawa su bi ka cikin fadama."

Ya yi kuka, ya yi magiya, ya kira sunan uwarsu. Wannan ya soke ta har ƙashi. Amma ba ta janye ko kalma ɗaya ba. Ta shiga ɗaki ta sa hijabi, ta ɗauko rigar sanyin Abdulmannan, ta tsaya a zaure. Ta daɗe a tsaye kafin ta ji takunsa a bayanta.

Suka shiga adaidaita. Ta ɗora masa rigar a cinya, ya ture ta ƙasa, ta ɗauka ta kakkaɓe ta sake ɗorawa. A ƙofar ofishin 'yan sanda ya juyo ya kalle ta.

"Daga yau ba ni da yaya."

"Ka shiga dai," ta ce. "Ranar da za ka fito ina bakin ƙofa."

Ya shiga ya faɗi gaskiya da bakinsa. Aka saki Safiyanu, ya samu ragowar abin da jan-baki suka bar masa. Alƙali ya yanke wa Kolo zaman gidan gyaran hali. Dangi suka rabu biyu: wasu suka ce Yakaka ta yi abin da maza suka kasa, wasu suka ce ta sayar da jininta, wata gwaggonsu ta aiko cewa ko gawarta kada ta zo. Abdulmannan da ya dawo ya ji, sai ya ce Allah Ya yi mata albarka, ya tambayi ina rigarsa ta sanyi. Duk ranar ziyara sai ta je da abinci. Abincin yana shiga, kwano yana dawowa wankakke, amma Kolo bai taɓa fitowa ya gan ta ba. Takan dawo ta shiga ɗakin wake ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta hura wuta.

Aka girbe shinkafa, aka shuka alkama aka girbe, ruwa ya sake cika fadama ya janye. Ranar fitowa ta zo.

Tasi'u ne ya ɗauko ta a babur da sassafe. Shi ma tuni ya daina musun, ko da yake bai canja fassararsa ba, ya ce kasuwa ba ta son gyara. Suka tsaya a gindin katanga. Yakaka tana riƙe da baƙar leda, a ciki akwai awara ɗaya da ta yanka daga tsakiyar ta yau, ba ta kai ta kasko ba.

"Matar Yaya," Tasi'u ya ce a hankali, babu tsokana, "in ya ƙi karɓa fa?"

Ta kalli ƙofar. "Ka san abu ɗaya da ban gane ba a fim ɗin nan sai yanzu? Na yi ta jin haushin mai fim da ya yanke daidai lokacin da ƙofa take buɗewa. Na ce rowa ce. Ashe ba rowa ba ce. Dogo ma bai sani ba. Ba a yi masa alkawarin za a karɓa ba, ya dai zo."

Ƙofa ta yi ƙara. Kolo ya fito da rigar sanyin Abdulmannan a kafaɗa, ya rame, an aske masa kai. Ya ga Tasi'u, ya ga yayarsa, ya kau da kai ya nufi titi. Yakaka ba ta kira shi ba, ba ta bi shi ba. Ta kwance ledar ta ɗora awarar a tafin hannunta, ta tsaya inda take. 

Ya kusa kaiwa bakin titi ya tsaya. Ya daɗe yana ba su baya. Sannan ya juyo, ya tako a hankali har gabanta, ya kalli abin da ke hannunta. Ya ɗauka, ya gutsura, ya tauna, ya yamutsa fuska. Hawaye ya zubo masa.

"Yaya," ya ce, bakinsa cike, "wannan ai ba ta ciwuwa. Ba gishiri, ba komai."

"Na faɗa!" Tasi'u ya yi ihu yana share ido da hularsa. "Wallahi tun farko na faɗa!"

Yakaka ta sa hannu cikin hijabi ta zaro ƙullin yaji, wanda ta daka da kanta, mai ƙuli-ƙuli da yawa yadda yake so tun yana yaro. Ta kwance da haƙori ta barbaɗa masa a kan ragowar.

"Cinye," ta ce. "Mu nan Haɗeja ne."